Yadda Ake Farautar Barewa da Baka a Jihar Wiskonsin, Daga Yankar Lasisi Har Zuwa Tukunya

Tun ranar da na kai dambun naman barewa wajen wata walimar suna a birnin Milwoki na Amurka, wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce a ina na samo, wancan ya ce shin baƙo ma yana da damar shiga daji da makami a ƙasar nan, wani dattijo kuma tambayarsa ɗaya ce: "Malam, naman nan ya halatta kuwa?" Na yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp har na ga gara in zauna in jera komai wuri guda.

Abin da zan faɗa na jihar Wiskonsin ne, inda nake zaune kuma nake farauta. A Amurka kowace jiha da dokarta, don haka wanda ke Minesota ko Ohayo ya ɗauki tsarin aikin a nan, doka kuwa ya duba ta jiharsa. Barewar da nake nufi ita ce mai farar wutsiya. Ta fi tamu ta gida girma nesa ba kusa ba, domin babbar mace takan kai laba 100 ko fiye bayan an fitar da kayan ciki.

1. Fara da takardu

Hukumar da ke kula da farauta ita ce hukumar albarkatun ƙasa ta jiha, wadda kowa ke kira DNR. Lasisi ana yankarsa a shafinta mai suna Go Wild, ko a shagunan kayan farauta. Karon farko za a nemi lambarka ta Soshiyal Sikyuriti. Lasisin baka ga mazaunin jiha dala 24 ne, na baka mai kunama ma haka, idan kuma kana son duka biyun sai ka ƙara dala 3. Wanda bai taɓa yanka ba akwai rangwame a shekararsa ta farko, kada ka ji nauyin tambaya.

Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta kafin a sayar masa da lasisi. Akwai hanyar kauce wa wannan na ɗan lokaci, wato ka fita ƙarƙashin wani gogaggen mafarauci mai lasisi wanda doka ta ce ya kasance dab da kai, inda hannunsa zai iya taɓa ka. Shawarata dai ka yi kwas ɗin. A can ne za ka haɗu da mutanen da za su nuna maka daji.

Lasisin yana zuwa da izinin harbin namiji ɗaya, wato mai ƙahon da ya kai inci 3. Izinin mace ko ƙaramin da bai yi ƙaho ba yana da sharaɗi: an rubuta gunduma ko yankin farauta a jikinsa, an kuma rubuta ko na filin gwamnati ne ko na filin mutum.

Hattara: izinin mace na yanki ɗaya ba ya aiki a wani, na filin mutum kuma ba ya aiki a dajin gwamnati. Sababbi da yawa nan suke faɗawa tara. Sauke littafin dokokin shekarar a wayarka ka karanta shi tun daga bango har bango, domin akan canja wasu abubuwa duk shekara.

2. Zaɓi makamin da za ka iya da gaske

Iri uku ne a gabanka. Akwai baka na gargajiya, sanda da tsirkiya kawai, mai kama da na maharbanmu. Akwai baka mai taya a kowane kai, wanda a shago ake kira kamfawun: idan ka ja shi ya kai ƙarshe, tayoyin suna ɗauke maka kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin, sai ka iya riƙewa kana saiti. Sai baka mai kunama, wato kurosbo, wanda ake ɗana shi tun kafin dabba ta zo, a ɗora a kafaɗa kamar bindiga.

A kan wannan na ukun ake ta kai ruwa rana. Kafin 2014, a Wiskonsin sai naƙasassu da waɗanda suka kai shekara 65 ne kawai ke farautar barewa da shi a lokacin baka. Daga 2014 aka buɗe wa kowa, aka kuma ba shi tsawon lokaci daidai da na baka. Zuwa 2017 barewar da ake kashewa da kurosbo ta zarce wadda ake kashewa da baka na tsaye. Masu baka na tsaye suna cewa an ba su watanni ne saboda makaminsu yana da wuya: dole ka ja tsirkiya dabba tana kusa da kai, motsi kaɗan ta gan ka. Wanda makaminsa ke ɗane yana jiran kunama kawai, in ji su, bai kamata ya ci wannan gajiyar ba. Masu bindiga su ma suna da ƙorafinsu, wai kafin lokacinsu ya zo an kwashe manyan maza. Masu kurosbo kuma suna cewa shi ya dawo da dattawa da masu ciwon kafaɗa daji, ya shigo da mata da yara, kuma harbinsa ya fi sauka inda aka nufa.

Ni da kamfawun nake farauta, kuma ina son wahalarsa. Amma idan ka tambaye ni tsakani da Allah, ga amsata: in kana aikin dare, ko kana tuƙi kwana shida a mako, ba ka da sa'o'in da za ka ba atisaye, sayi kurosbo. Gara a ce maka ka bi hanya mai sauƙi da ka bar dabba tana yawo da kibiya a ciki. Baka na gargajiya kuwa ka bar shi sai ka yi shekaru.

Doka ta ce nauyin jan baka kada ya gaza laba 30, na kurosbo kada ya gaza laba 100. Ga babban mutum, laba 45 zuwa 55 ya isa ya ratsa barewa. Ga gwajin da nake ba kowa: zauna a kujera, ɗaga ƙafafunka daga ƙasa, ja bakan a hankali ba tare da ka ɗaga shi sama ba. In ka kasa, ya yi maka nauyi. Ka tuna za ka ja shi ne bayan ka yi awa uku a zaune cikin sanyi da riguna huɗu a jikinka.

Tsawon ja kuma na kowa daban. Miƙe hannuwanka biyu, a auna daga yatsa zuwa yatsa da inci, a raba da 2.5. Wanda ya samu inci 70, tsawon jansa wajen 28 ke nan.

Hattara: kada ka sayi baka na hannu ta intanet don ka ga araha. Je shagon masu baka a auna ka, a daidaita maka shi. Kuma kada ka taɓa sakin tsirkiya babu kibiya a kai, kada ka bar baƙo ya gwada. Bakan na iya tarwatsewa a fuskar mutum.

3. Sauran kaya da abin da za su ci

Farashi yana motsi, amma ga kwatankwacin abin da za ka tanada. Kamfawun na mai koyo, haɗe da abin saiti da mazaunin kibiya da kwari, dala 400 zuwa 600. Kurosbo mai kyau na farawa ma wajen nan yake. Kibau rabin dozin zuwa dozin, dala 50 zuwa 120. 'Yar kunamar da ake ɗaurawa a wuyan hannu don sakin tsirkiya, dala 30 zuwa 80. Allon atisaye, dala 50 zuwa 100. Kawunan kibiya masu reza, uku a kan dala 30 zuwa 45. Ɗamarar tsaro da igiyarta, wajen dala 100. Kujerar hawa bishiya dala 150 zuwa 300, ko tantin ɓuya na ƙasa wajen dala 100 zuwa 150. Sai wuƙa mai kaifi, tocilan ta goshi, safar hannu ta roba, da igiyar jan dabba. Na'urar auna nisa ta kai wajen dala 100, kuma ban ga abin da ya kai ta amfani ga sabo ba, domin ido yana ƙarya a daji.

A kan tufafi kada ka ɓata kuɗi a shekarar farko. Kaya masu duhu, masu ɗumi, waɗanda ba sa ƙara idan ka motsa sun wadatar. Takalmi mai ɗumi ya fi riga mai zanen ganye muhimmanci, saboda sanyin ƙafa ne ke sauko da mutum daga bishiya tun ƙarfe takwas.

Kibiya tana da ƙarfin jiki da ya dace da nauyin bakanka da tsawon janka, mai shago zai zaɓa maka. Kan kibiya na farauta, doka ta ce faɗinsa ya kai aƙalla 7/8 na inci kuma ya kasance da kaifi. Akwai mai reza a tsaye, akwai mai buɗewa idan ya taɓa jiki. Mai baka marar nauyi sosai ya riƙe mai reza a tsaye, ya fi ratsawa.

Hattara: maharbanmu na gida sun dogara da dafi, kibiya ta ɗan shiga kawai sauran aikin na dafin ne. A nan haramun ne a doka. Abin da ke kashe dabba shi ne kaifin reza da wurin da ta shiga, shi ke nan. Haka farautar dare da fitila da sakin karnuka su koro barewa, duk laifi ne.

4. Atisaye, tun daga bazara

Idan kana son fita a Satumba, fara harbi a Yuni. Kibiya 20 zuwa 30 a rana, sau huɗu a mako, sun fi kibiya 200 ranar Lahadi kaɗai. Fara daga yadi 10, ka koma 20, sannan 30. Hannun da ke jan tsirkiya ya riƙa tsayawa wuri ɗaya a fuskarka kowane harbi. Hannun da ke riƙe da baka kuma kada ya damƙe shi kamar taɓarya, a sake yake.

Wurin da ke kashe barewa, huhu da zuciya, faɗinsa bai wuce farantin takarda na cin abinci ba. Manna irin wannan farantin a allo. Nisan da za ka iya saka kibiya biyar cikin biyar a farantin, kullum, shi ne iyakarka a fili. A daji ka rage yadi 10 daga ciki, saboda can zuciyarka na bugawa, hannunka na rawa. Yawancin sababbi iyakarsu yadi 20 ce, kuma babu abin kunya a ciki. Mai kurosbo ma kada madubin saiti ya ruɗe shi. Barewa tana jin ƙarar tsirkiya ta durƙusa don ta zabura kafin kibiya ta iso, kuma duk yadda nisa ya ƙaru, haka take samun sarari.

Saura mako uku a buɗe, ka koma harbi da kan farauta, domin sau da yawa ba ya sauka inda kan atisaye ke sauka. Ware guda ɗaya na allo, sauran kada su taɓa komai sai dabba. Ka gwada harbi daga sama, da harbi a zaune, da harbi cikin rigar sanyin da za ka saka.

Hattara: kibiyar kabon in ta bugi abu mai tauri, lanƙwasa ta kusa da kunnenka. Ka ji ƙas ko kaɗan, jefar da ita. Tsagaggiyar kibiya tana karyewa ta shige hannun mai ita. Kuma kafin ka kafa allo a bayan gida, tambayi dokar garinku.

5. Nemo wuri, sannan ka karanta shi

Akwai dazukan jiha da na gundumomi da na tarayya da kowa zai iya shiga, kuma shafin DNR yana da taswirarsu. Akwai kuma gonakin mutane. Manoma da yawa barewa ta dame su a masara da waken suya, kuma sun fi sakin jiki da mai baka a kan mai bindiga. Je ka same su tun Yuli, da rana, cikin tufafin gida, ka gabatar da kanka. Za a hana ka sau da yawa. Wanda ya yarda, nemi ya rubuta maka, ka tambaye shi iyakar gonarsa da sunayen maƙwabtansa.

A cikin dajin abu uku kake nema: inda take ci, inda take kwana, da hanyar da ke tsakani. Duba sawu, da kashi sabo mai sheƙi, da ƙananan itatuwan da namiji ya goge da ƙaho har ɓawon ya saɓule, da inda ya tone ƙasa a ƙarƙashin wani reshe. Idan 'ya'yan itacen ok suka fara zuba, musamman farin ok, barewa takan bar gona ta koma can. Wurin dakonka ya kasance yadi 15 zuwa 20 daga hanyar, ta gefen da iska za ta kwashe warinka ta yi nesa da shi.

Iska ita ce komai. Barewa na iya ganinka ta yi shakka, ta ji motsinka ta yi shakka, amma in ta shaƙi warinka magana ta ƙare. Ni da audugar wata ciyawa nake yawo a aljihu, in saki ƙwaya ɗaya in ga inda ta nufa. Ranar da iska ke kaɗawa daga gare ka zuwa makwancinsu, kada ka je wurin sam. Turare da man shafawa mai ƙamshi kuma a bar su a gida, kayan farautar ma kada a rataye su kusa da kicin ko inda ake turaren wuta.

Hattara: zuba masara don jawo barewa haramun ne a gundumomi masu yawa saboda cutar da zan yi bayani a ƙasa. A filin gwamnati kuma ba a kafa ƙusa ko matakala mai huda bishiya, kuma akwai ƙa'ida a kan barin kujera ta kwana.

6. San kalandar

Lokacin baka da kurosbo yana buɗewa tsakiyar Satumba ya kai farkon Janairu. Babban lokacin bindiga kwana 9 ne kacal, yana farawa Asabar ɗin da ke gaban bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba. Wannan bambancin, wata uku da rabi a gefe ɗaya, kwana tara a ɗaya gefen, shi ne tushen gardamar da ba ta ƙarewa. Wiskonsin ce jihar farko da ta ware wa masu baka lokacinsu, tun 1934, kuma suna kishin abin. Masu bindiga su ma suna kishin kwana taransu: a 2020 an kawo shawarar a mayar da shi kwana 19, jama'a suka ƙi. Kowane Afrilu akan ji ra'ayin jama'a a kan irin waɗannan tambayoyi, har da na rage kwanakin kurosbo, kuma kai ma mazauni kana da bakin magana.

Abin da ya shafe ka a aikace shi ne wannan. Makonnin farko akwai ɗumi da sauro, amma barewa tana bin hanya ɗaya kullum da yamma. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba lokacin barbara ne, maza suna yawo da rana tsaka suna neman mata, hankalinsu ya ragu. In hutun mako ɗaya kawai kake da shi, ɗauke shi a makon farko na Nuwamba. Disamba sanyi ne mai tsanani, sai mai haƙuri.

Ana fara harbi minti 30 kafin fitowar rana, a daina minti 20 bayan faɗuwarta. Ni nakan yi Asuba a gefen mota kafin in shiga, Magariba kuma a gindin bishiya bayan na sauko.

Hattara: duk ranar da wani lokacin bindiga ke gudana, har da kwana biyun yara a Oktoba, mai baka ma dole ya saka tufa mai launin ruwan lemo mai ƙyalli ko ruwan hoda mai ƙyalli, aƙalla rabin tufafinsa daga ƙugu zuwa sama, har da hula in ya saka.

7. Dako

Abin da ya fi raunata mafarauta a nan faɗowa daga bishiya ne. Ɗaura ɗamarar tsaro tun kana ƙasa, ka kasance a haɗe da bishiyar daga takun farko har ka dawo. Kada ka hau da baka a hannu, bar shi a ƙasa ɗaure da igiya, in ka zauna ka jawo. Mai kurosbo ya cire kibiya kafin ya jawo, kuma yatsunsa su kasance ƙasa da hanyar tsirkiya koyaushe, don tana datse yatsa. Ƙafa 15 zuwa 18 ya isa tsawo. In tsayi yana ba ka tsoro, zauna a tanti a ƙasa, ana samun nama a haka ma.

Gaya wa mutanen gida ainihin inda kake da lokacin dawowarka. Da ka zauna, auna nisan itatuwa uku ko huɗu da ke kewaye da kai ka haddace, domin in dabba ta zo babu lokacin awo. Sa waya a aljihu. In ka dawo gida, duba jikinka da kyau saboda kaska, tana ɗauke da cutar Laim kuma tana da yawa a jihar nan.

8. Harbin kansa

Tsayuwa biyu kawai ake harbi a kansu. Ta farko, ta ba ka gefenta sosai. Bi bayan ƙafar gaba da ido, ka hau kashi ɗaya cikin uku na jikin daga ƙasa, nan ne. Ta biyu, ta ɗan juya maka baya a karkace. A nan ka nufi ƙafar gaba ta ɗaya gefen, kibiyar za ta shiga ta bayan haƙarƙari ta ratsa huhu. In ta fuskanto ka, ko ta ba ka baya gaba ɗaya, ko tana tafiya, ko tana ƙarƙashinka tsaye, ka bar ta. Kai da wuya ba wurin kibiya ba ne.

Ja bakan lokacin da kanta ya shiga bayan itace ko ta sunkuya tana ci. In tana tafiya a hankali, ɗan yi "meh" da baki, za ta tsaya. Kada ka kalli ƙaho. Zaɓi gashi ɗaya a wurin da ka nufa, ka ce "Bismillahi, Allahu Akbar" da niyyar halatta naman, ka saki. Bayan haka idonka ya bi ta: ina take tsaye, ina ta bi, wane itace ne na ƙarshe da ka gan ta a gefensa. Saurara ko za ka ji faɗuwarta. Duba agogo.

9. Jira, sannan ka bi jini

A shekarata ta farko na harbi wata mace daga yadi 35, nisan da ban taɓa ƙwarewa a kansa ba. Ta ɗan taka lokacin da na saki, kibiyar ta shiga baya da inda na nufa. Ta gantsare, ta tafi a hankali, wutsiya a ƙasa. Zumuɗi ya sa ko minti goma ban yi ba na sauko. Na tsinci kibiyar, jinin jikinta ja ne mai duhu, ban san ma'anarsa ba. Na bi ɗigon kamar yadi 80, sai ga ta ta zabura daga inda ta kwanta, ta tsallake waya ta shiga filin maƙwabci. A makwancin na ga jini ya taru a kan ganye, har da ɗumi. Da na bar ta, nan za ta mutu. Kafin in samu mai filin in nemi izini dare ya yi, aka kuma yi ruwa. Kwana biyu ina nema, abin da na samu ƙashi ne da fata, karnukan daji sun riga ni. Har yau in na tuna yadda ta gantsare raina yakan ɓaci, kuma tun daga ranar ban ƙara harbi sama da yadi 25 ba.

Don haka, ko ka tabbata harbin ya yi kyau, jira minti 30 in ba a gabanka ta faɗi ba. Sannan ka je a hankali ka karanta kibiyar. Jini mai haske da 'yan kumfa, huhu ne, da wuya ta wuce yadi 100 zuwa 150. Ja mai duhu, hanta ce, ba ta awa 4 zuwa 6. In ka ga kore ko ruwan ƙasa da wari, tumbi ne, fita daga dajin shiru ka ba ta awa 8 zuwa 12. Dabbar da ba a kora ba kusa take kwanciya.

Wajen bi, taka gefen jinin, kada ka taka kansa. Ajiye 'yar takarda a kowane ɗigo, in ya ɓace ka waiwaya ka ga layin da ta bi. Duba ganyayen da ke daidai tsayin ƙugu, ba ƙasa kaɗai ba. In abin ya gagara, akwai masu karnukan bin jini a igiya, doka ta yarda da su bisa sharuɗɗan da ke cikin littafin.

Hattara: ko dabbarka ce ta faɗi a filin wani, ba ka da ikon shiga sai da izininsa. Shi ya sa na ce ka san maƙwabta tun kafin ranar.

10. Batun halacci

Ga amsar dattijon nan. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halatta abin da makami ya huda da kaifinsa in an ambaci sunan Allah, ya hana abin da ya buge da faɗinsa, ya kuma hana wanda aka tarar ya faɗa ruwa, tunda ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ba. In ka iske dabbar ta riga ta mutu da kibiyarka, ta halatta. In ka iske ta da sauran rai sosai, sai an yanka. Kada ka tunkare ta da wuƙa tana da ƙarfi, kofaton barewa yana farka ciki. Ƙara mata kibiya a huhu da bisimilla, ka zo ta bayanta, sannan ka yanka. Ƙarasa ta da bindiga a kan lasisin baka laifi ne.

A mazhabar Malikiyya akwai magana a kan dabbar da ta kwana ba a gan ta ba. Risala ta kawo ƙaulin hani, ta kuma kawo cewa in an samu kibiyar a makasarta babu laifi a ci. Tunda harbin hanta ko tumbi da yamma yakan tilasta a bari sai safiya, zauna da malaminka ku warware wannan tun kafin lokaci ya buɗe. Littafin ya kuma ce farauta don wasa makaruhi ce. Mu nama muke nema.

11. Daga daji zuwa firiza

Taɓa idonta da sanda, in bai ƙifta ba ta mutu. Saka safar roba. Kwantar da ita rigingine, ka zagaye dubura da wuƙa, ka tsaga fatar ciki daga ƙasa zuwa ƙirji, bakin wuƙa yana kallon sama, yatsu biyu suna danne tumbi. Yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ka miƙa hannu ka yanke maƙogwaro, ka jawo komai waje. Kula da mafitsara. Kula kuma da kan kibiya, wani lokaci yana karyewa a ciki. Ware zuciya da hanta in kibiya ba ta ɓata su ba.

Zafi shi ne abokin gabar nama. In yanayi ya haura digiri 40 a ma'aunin nan, wato 4 a namu, cusa jakunkunan ƙanƙara a cikinta ka hanzarta. Yi mata rajista ta GameReg, tsarin rajistar DNR, a waya ko intanet, kafin ƙarfe 5 na yammacin washegarin ranar da ka same ta, ka adana lambar da za a ba ka.

Sai cutar CWD, mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara ganowa a jihar a 2002 kuma ta fi yawa a kudu maso yamma. Dabba na iya ɗauke da ita ba alamar komai, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Gwaji kyauta ne: akwai rumfunan da ake ajiye kan dabbar da ɗan wuya, a ciro kaluluwa a auna. Hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da aka samu da cutar. Kada ka tsaga ƙashin baya ko kai, ka bar ƙwaƙwalwa da saifa, farfesun kai kuma a haƙura da shi. Akwai ƙa'idar fitar da gawar dabba daga gundumomin da cutar ta shafa, duba ta kafin ka ɗora a mota.

In za ka kai wa mahauta su gyara, tanadi dala 100 zuwa 150 ko fiye, kuma ka buɗe baki ka yi magana. Naman barewa ba shi da kitse, saboda haka al'adarsu ce su haɗa niƙaƙƙensa da kitsen alade, wasu kuma sukan gwama naman mutane da yawa a injin ɗaya. Ce musu naka kaɗai kake so, tsoka zalla, kada a niƙa. Ni a gareji nake fiɗa da kaina: in rataye ta, in cire fata, in zare tsoka daga ƙashi, in yanke farin kitsen nan da ke kawo ƙarni. Dogayen tsokoki biyu na gefen ƙashin baya su ne na tsire, cinya ta kilishi da dambu, wuya da ƙwauri na miya. Rubuta kwanan wata da lambar rajista a kowace leda, ka jera su gefe guda a firiza, kada a taɓa sai sakamakon gwaji ya fito. In ya fito lafiya, ledar farko ta mai gonar da ya ba ka wuri ce, ka kai masa har ƙofar gida.